Ƙananan Masu Sana'ar Abin Sha da Matsalar Samun Gurbi a Shago

A ƙasashe da dama, abin da ya fi damun ƙananan masu haɗa abin sha shi ne samun gurbi a wurin da jama'a ke saye su sha, domin manyan kamfanoni kan riga su kama wurin. A Ingila, inda a da manyan kamfanonin giya suka mallaki dubban mashaya waɗanda ba sa sayar da kayan kowa sai nasu, sai da gwamnati ta yi doka a 1989 wadda ta ba mai mashaya damar kawo giyar wani kamfani dabam, sannan a 2002 ta rage wa ƙananan masu dafawa haraji. A Zamfara kuwa, tun da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba 1999, ta kuma fara aiki a Janairu 2000, an haramta sayar da giya, har da burkutu, wato giyar da ake dafawa da tsiron dawa. Saboda haka a Jangebe da Talata Mafara da Bakura da Maradun, wannan gasa ta tsaya ne tsakanin lemon kwalba na kamfani da abin sha na gida, irin su zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da lamurje da fura da nono.

Akasarin masu wannan sana'a matan aure ne da ke aiki a cikin gida da ɗan jarin da suka kwasa a adashi, suna ɗora wa yara talla ko su aika wa mai shago, kuma ba a cika kushe kayansu ta fuskar ɗanɗano ko araha ba. Babban rauninsu shi ne kayan ba ya jure ajiya. Kunun aya, wanda ake markaɗawa da dabino da kwakwa, kan fara tsami cikin 'yan sa'o'i idan babu sanyi, domin ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cin zaƙin da ke cikinsa su mai da shi tsami da iska, kuma zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yana hanzarta wannan aiki, alhali a lokacin ne ciniki ya fi kyau. Kamfani kuwa yana tace ruwansa, ya zuba sinadarin hana lalacewa, ya toshe kwalbar yadda iska ba za ta shiga ba, don haka kayansa kan yi watanni a kan kanta.

Wannan ne ya sa sanyi ya zama mabuɗin kasuwar. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kaiwa Zamfara ba ta zama, ƙauyuka da yawa ma ba su da ita, sai mai sana'a ta dogara da ƙanƙarar da take saye ta zuba a kula, ƙanƙarar kuma da janareta ake yin mafi yawanta, wanda kuɗin mansa ya ninka bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. A shagunan da ke da firji, sau da yawa kamfanin lemo ne ya bayar da shi, da tambarinsa a jiki, bisa sharaɗin kada a sa kayan wani a ciki. Wannan firji shi ne takwaran mashayar Ingila da aka ambata, domin wanda ya mallaki wurin sanyi shi ke zaɓar abin da mai ƙishirwa zai tarar.

Tsarin biyan kuɗi ma bai zo daidai ba. Mai shago yana biyan dillalin kamfani kuɗi hannu kafin a sauke masa kiret, amma yana karɓar zoɓon gida bisa ƙa'idar sai an sayar a biya, ta yadda duk abin da ya yi kwantai kan mai shi yake komawa. Ga kuma tsadar kayan haɗi, domin ban da sukari da citta da kanumfari, busasshen zoɓo ya zama hajar fitarwa zuwa Meziko, aya kuma ana kai ta Sifen, don haka matar da ke auna kwano ɗaya a kasuwar Talata tana takara da 'yan sari masu loda buhuna. Harajin naira 10 kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon kamfani bai rufe wannan rata ba.

Sai batun yarda da tsaro. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana buƙatar wurin aiki na musamman da gwajin kaya kafin ta ba da lambar rajista, abin da ya fi ƙarfin mai tukunya ɗaya, yayin da ɗura kunu a tsofaffin robobin da aka tsinto ke sa wasu masu saye ƙyama. Haka nan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairu 2021, da rufe kasuwannin mako da aka yi a jihar a watan Satumba na waccan shekara, sun nuna yadda sana'ar da ke dogara da taron jama'a ke tsayawa cik idan hanya ta toshe, ga shi kuma rikicin 'yan bindiga ya tarwatsa rugage da dama da ke samar da nono.

Tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mafita mafi kusa ita ce masu sana'ar su haɗu a ƙungiyar gama-kai su sayi firji mai aiki da hasken rana, su saro sababbin robobi da kayan haɗi tun kaka lokacin da suke da araha, su kuma nemi rajista da suna ɗaya. Ƙungiyar da ta ajiye firjinta a shago ita za ta gindaya sharaɗin abin da za a sa a cikinsa.