Kaset da Mawaƙan Bayan Fage

Kafin shekarar 1963, duk mawaƙin da yake son jama'a su saurari muryarsa a gida, galibi sai ya bi ta hannun kamfani, domin buga faifan garmaho aiki ne na masana'anta, kuma ba a buga shi sai ɗaruruwa a lokaci guda. A wannan shekara ce kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset.

Zaren kaset leda ce siririya mai faɗin milimita 3.81, wadda aka shafe da ƙurar tsatsar ƙarfe. Idan ana ɗaukar sauti, rakoda takan mayar da shi wutar lantarki, wutar kuma ta haifar da maganaɗisu a ɗan ƙarfen da zaren yake gogawa yana wucewa, santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Maganaɗisun nan shi yake jera ƙwayoyin tsatsar daidai da hawa da saukar sautin. Wajen sauraro sai aikin ya juya. Ke nan akwatin da ake jin waƙa da shi, da shi ake ɗaukarta.

Cikin waɗanda suka ci moriyar wannan akwai masu kiɗan gwaji, masu haɗa ƙarar injina da bugun ƙarafa da gurnanin lantarki, irin abin da babu gidan rediyon da zai sa. A Landan, ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa ɗan kamfaninta, Industrial Records, a 1976, ta riƙa fitar da wasanninta a kaset. A Japan kuwa, Masami Akita, wanda aka fi sani da Merzbow, ya buɗe Lowest Music & Arts, yana kwafa a ɗakinsa yana aikawa ta gidan waya, sau da yawa a musaya, kaset a bakin kaset. Na'urar Portastudio ta kamfanin Tascam, wadda ta fito a 1979, ta ba mutum ɗaya damar ɗora sauti huɗu a kan kaset guda.

Sai dai kaset yana da aibi. Ƙwayoyin tsatsar ba sa jeruwa duka, saboda haka akan ji wani shuuu a bayan kiɗan, kuma duk kwafin da aka yi daga wani kwafin yakan gaji shuuu ɗin na baya ya ƙara nasa, siraran sautuka kuma su dushe. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna da ƙwayar gado ta DNA, wadda ita ma kuskure kan shiga wajen kwafarta ya wuce ga 'ya'ya, illa dai ita tana da sinadaran da ke gyara mafi yawansa, zaren kaset kuwa ba shi da mai gyara. Injiniyoyi sun ƙirƙiro dabarar Dolby don rage wannan ƙara. Da yawa daga masu kiɗan gwaji ba su kula da ita ba: sukan cika ƙarfin ɗauka da gangan har sautin ya farfashe, su sa shuuu ɗin cikin kiɗan.