Kat-san-kat a rairayin Tarka: litar nawa take sha?

A ƙasar Damargu, duk wanda ya manyanta ya san motar nan Peugeot 404, wadda jama'a suka laƙaba wa suna kat-san-kat. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1960. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, a Kenya kuwa ba a daina ba sai 1991. Irin mai buɗaɗɗen baya, wato bashe, ita ce ta daɗe tana jigilar mutane da gero da bisashe tsakanin Balbeji da Tanut da Damagaram. Yau motocin Japan sun karɓe yawancin wannan aiki, amma tambayar da masu kat-san-kat suka riƙa yi ba ta tsufa ba: mai nawa mota take sha?

Injinta mai aiki da esansi yana da girman litar 1,6. A bisa kwalta, babu kaya mai nauyi, takan sha wajen litar 10 zuwa 11 a kilomita 100. Amma hanyoyin ƙauyukan Tarka rairayi ne. A cikin rairayi tilas direba ya zauna a giya ta 1 ko ta 2. Inji yana ta ruri, tafiya kaɗan, mai yana ƙonewa.

Dalili na biyu shi ne lodi. Bashe an yi ta ne don kayan da ba su wuce tan 1 ba, wato buhu 10 na kilo 100. Idan aka ƙara buhuna, fasinjoji suka hau bisa, inji zai nemi ƙarin mai. Na uku, ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, sai mai ya yi yawa a karburato, baƙin hayaƙi ya fito. Na huɗu, direbobi sukan rage iskar taya domin ratsa rairayi, wanda dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne hawa kwalta ba a mayar da iskar ba.

Yaya mai mota zai san gaskiyar abin? A cika tanki, a rubuta lambar da agogon kilomita ya nuna. Bayan tafiya a sake cikawa. Litar da ta shiga a ninka ta sau 100, a raba da kilomitan da aka yi. Misali: an yi kilomita 200, an zuba litar 28, ke nan motar tana shan litar 14 a kilomita 100. In agogon ya mutu, sai a auna da duwatsun kilomita na hanyar Damagaram zuwa Tanut.

Wannan lissafi ya shafi kowa. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, an gina ta don tace ganga 20.000 a rana. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, ruwa-ruwa mai araha ya yi wuya. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499. A wannan farashi, ƙarin litar 4 a kowane kilomita 100 ya kusa jika 2. Mai mota ba zai ɗauki asarar ba: kuɗin dakon buhu za ta hau, daga nan ta faɗa kan manomi da mai sayen tiyar gero.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin manoma da ma'aikatan da ke riƙe da motocin hukuma su ajiye ɗan littafi a kowace mota, a riƙa rubuta litar da kilomita. Wanda ya gama karatun yaƙi da jahilci yana iya wannan aiki. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.