Kunnen da ke zubar da ruwa ba ƙaramin ciwo ba ne

 Yau kan kunne za mu yi magana.

Ka zaga Bachirawa, Panisau ko Rijiyar Zaki a nan Ungogo, da wuya ka rasa gidan da aka taɓa samun yaro mai kunne na zubar da mugunya. Sai ka ji an ce ai zai daina in ya girma. A ɗiga masa man ja ko ruwan albasa, shi ke nan. To a nan ake yin asara.

Bari mu fara da yadda abin ke faruwa. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne. A yara gajeriya ce, kuma a kwance take. Shi ya sa idan mura ta kama yaro, musamman lokacin hunturu, ƙwayoyin cuta kan bi ta nan su taru a bayan dodon kunne. Yaro ya yi ta zazzaɓi, yana kuka yana jan kunnensa. Idan mugunya ta yi yawa sai ta fasa dodon kunnen ta fito. Zafin ya lafa, uwa ta ɗauka sauƙi ya samu, alhali huji ne ya samu.

Idan zubar ta wuce mako 2, ciwon ya fara zama. Ji na raguwa, yaro ya koma baya a makaranta, a riƙa ce masa daƙiƙi, alhali ba ya jin malam ne. Wani lokacin cutar kan ci ƙashin bayan kunne, har ta kai ga sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa.

Yaya ake ganowa? Likita zai leƙa kunnen da wata 'yar na'ura mai fitila, ya ga ko dodon ya kumbura ko ya huje. In akwai buƙata a ɗebi mugunyar a auna, a kuma yi gwajin ji: a sa maka abin sauraro, ka ɗaga hannu duk lokacin da ka ji ƙara. Ba zafi.

Magani kuwa ya danganta da abin da aka gani. Yawanci a tsane kunnen, a ba da maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta, a kuma hana ruwa shiga lokacin wanka. Hujin da ya ƙi rufewa ana yi masa aiki a liƙe shi. Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano duk suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, sannan akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Sai abubuwa uku da ya kamata mu bari. Na farko, sakace kunne da tsinken ashana, gashin kaza ko murfin biro. Dauɗar kunne kariya ce, da kanta take fitowa, sakacen tura ta ciki yake yi. Na biyu, sayen maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba ba, don wani maganin illa yake yi in dodon kunne a huje yake. Na uku, idan yaro ya cusa ƙwayar wake ko masara a kunne, kar a zuba ruwa, kumbura za ta yi. A kai shi asibiti a cire.

Ku duba ƙannenku a gida. Wanda sai an kira shi sau uku yake waiwayowa, wataƙila ba taurin kai ba ne.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.