Masu Raunin Fahimta a Ƙauyukan Sinnar: Aiki Ya Ragu, Zaman Ɗaka Ya Ƙaru

A Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Bahar Azraƙ a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, a da ba a rasa wa mai raunin fahimta abin yi: kiwon awaki, korar tsuntsaye a gonar dawa, ɗebo ruwa da jaki. In auduga ta nuna a gonakin Jazira, waɗanda madatsar Sinnar ke shayarwa tun 1925, sai ya bi 'yan'uwansa tsinka ya samo na kashewa. Da yamma ga zikiri, ga gidan biki, ga filin ƙwallo. Ba wanda ya tsara masa wannan, zaman ƙauye ne ya ba shi gurbi, ko da yake sau da yawa ladansa bai kai wahalarsa ba.

Gurbin ya fara tsukewa tun da dokar Jazira ta 2005 ta bar wa manomi zaɓin abin da zai shuka, noman auduga ya ja baya. Amma yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 shi ya yi babbar ɓarna. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sannan Sinja a Yunin 2024. An kwashe dabbobi, gonaki sun kwana ba shuka, iyalai sun tare a makarantu da gidajen dangi.

Mai lafiya yakan koyi sabuwar sana'a a baƙon wuri. Shi kuwa mai raunin fahimta, iyawarsa a ɗaure take da hanyar da ya saba bi da fuskokin da ya sani. In aka raba shi da su, abin da ya yi shekaru yana koya sai ya zube. Uwa kuma, don tsoron kada ya ɓace ko a tare shi a shinge ya kasa bayanin kansa, sai ta kulle shi a ɗaka. Ban ga laifinta ba, amma kullen na haifar da ƙunci da fushi, har maƙwabta su fara kiransa mahaukaci. Wasu kuma bara ake tura su.

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan naƙasassu a 2009, ta kuma yi doka a 2017, amma aikinsu bai iso ƙauye ba. Bayan da sojoji suka ƙwato Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani a Janairun 2025, mutane sun fara komawa gida. Masu unguwanni da limamai, in za a raba iri ko awaki, a sa sunan waɗannan bayin Allah, a kuma biya su daidai da kowa.