Yadda Watan Tarihin Baƙar Fata Ya Shiga Jami'o'in Amurka

Duk watan Fabrairu jami'o'in Amurka kan cika da laccoci da nunin hotuna da kaɗe-kaɗe don tunawa da tarihin baƙar fata. Wanda ya ga shagalin zai ɗauka hukumomin jami'a ne suka ƙirƙiro shi. A gaskiya ɗalibai ne suka matsa lamba, kuma sai an bi labarin daki-daki ake gane abin da ya sa har yau yake tayar da ƙura.

Tushen abin wani malamin tarihi ne, Carter G. Woodson. Iyayensa bayi ne da aka 'yanta, shi kansa ya yi haƙar kwal kafin ya samu digirin digirgir a Harvard a 1912. Ya lura cewa littattafan makaranta ba su cika ambaton baƙar fata ba, in ma sun ambata to a matsayin bayi ne. A 1926 ya ware mako guda a Fabrairu, domin a cikinsa ake tunawa da haihuwar Abraham Lincoln da ta Frederick Douglass, bawan da ya tsere ya zama jigo a yaƙi da bauta.

Daga mako zuwa wata kuwa, a jami'a aka yi shi. A 1969 ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta Jami'ar Kent State da ke jihar Ohayo ta nemi a faɗaɗa makon, aka fara a 1970. Sai a 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa wa abin albarka a hukumance. A wajen wannan lokacin ne ɗaliban kwalejin San Francisco State suka ƙaurace wa azuzuwa wajen wata biyar, daga Nuwamba 1968 zuwa Maris 1969, har aka buɗe sashen nazarin baƙar fata. Ma'ana, biki kaɗai bai ishe su ba. Suna son darasi da malamai da jarrabawa.

Biki ai ba wuya, a gayyato baƙo ya yi jawabi a tafa a watse. Inda gizo ke saƙa shi ne idan tattaunawa ta juyo kan jami'ar kanta. Ɗauki Jami'ar Georgetown da ke Washington. A 1838 limaman ɗariƙar Jesuit, masu makarantar, sun sayar da bayi 272, har da ƙananan yara, aka kwashe su daga Maryland zuwa gonakin Louisiana, aka biya bashin makarantar da wani ɓangare na kuɗin. Shekara da shekaru gine-gine biyu a harabar suna ɗauke da sunayen limaman da ke da hannu a cinikin. A 2015 ɗalibai suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin shugaban jami'a, aka cire sunayen. A 2016 jami'ar ta ce za ta ba zuriyar bayin fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. A 2017 ta nemi gafara, ta kuma raɗa wa ɗaya ginin sunan Isaac Hawkins, bawan da sunansa ya zo farko a takardar cinikin.

Da aka zo maganar kuɗi sai kawuna suka rabu. A 2019 ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a, wajen kashi biyu cikin uku suka amince kowa ya riƙa ƙara dala 27.20 a kowane zangon karatu don taimaka wa zuriyar. Masu adawa suka ce makaranta ce ta ci kuɗin, ita ya kamata ta biya, ba ɗalibin da ke karatu da bashi ba. Ni dai ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi. Jami'ar ba ta ɗora wa ɗalibai kuɗin ba, sai ta yi alkawarin tara dala 400,000 duk shekara daga gudummawar masu niyya.