Rile: Yadda Ƙaramar Wuta Ke Sarrafa Babba a Cikin Mota

A ƙasar Amurka akwai masu sha'awar sake fasalin motoci, waɗanda kan cire hannun ƙofa gaba ɗaya, su toshe gurbinsa su shafe da fenti. To, ta yaya ake shiga irin wannan mota? Mai ita kan danna rimot ɗin ƙararrawar tsaro, sai ƙofa ta buɗe da kanta. Abin da ke fisgar sakatar daga ciki shi ne solenoyid, wato wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe a kewayen wata sandar ƙarfe. Da zarar wuta ta bi wayar, sai naɗin ya zama maganaɗisu ya zuƙe sandar. Tun shekarar 1820 masanin nan na Denmak, Hans Christian Oersted, ya gano wannan dangantaka tsakanin lantarki da maganaɗisu.

Sai dai solenoyid akwai shi da cin wuta. Mai ƙarfi daga cikinsu kan ja amfiya 20 ko fiye, alhali siririyar wayar da ke fitowa daga akwatin ƙararrawa galibi amfiya 0.2 take iya ɗauka, wato kashi 1 cikin 100 na abin da ake bukata. Wanda duk ya haɗa su kai tsaye ya ƙone akwatin.

A nan ne rile ke shigowa. Shi rile makunni ne wanda lantarki ke dannawa maimakon yatsa, kuma ana danganta ƙirƙiro shi ga Joseph Henry, wajen shekarar 1835. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin naɗin waya. Bari mu yi lissafi da dokar Ohm: idan tirjiyar naɗin om 80 ce, batir kuma bolt 12, to 12 a raba da 80 ya ba da amfiya 0.15. Wannan 'yar wuta ta isa ta jawo harshen ƙarfen da zai rufe hanyar babbar wuta.

Idan mai karatu ya juya rilen mota zai ga lambobi a gindin ƙafafunsa, bisa tsarin Jamus mai suna DIN 72552. Ƙafa ta 85 da ta 86 su ne na naɗin: 86 ta tafi ga wutar batir, 85 ga wayar ƙararrawa, wadda kan haɗa ta da bodin mota idan an danna rimot. Ƙafa ta 30 tana karɓar kakkaurar waya daga batir, ta 87 kuwa ta miƙa wutar ga solenoyid. Lalle ne a sa fis kusa da kan batir, domin wayar da ta goge ta taɓa bodi tana iya tayar da gobara.

Akwai wani abu da akan manta, kuma shi ya fi ban sha'awa. A lokacin da aka yanke wa naɗin wuta, maganaɗisunsa kan rushe farat ɗaya, ya haifar da tsallen wuta mai ninka bolt 12 sau da yawa, wanda ke iya lalata tiransistocin ƙararrawa. Maganinsa shi ne ɗan dayod, irin su 1N4007, a gitta shi tsakanin 85 da 86, zoben da ke jikinsa na fuskantar 86. Idan aka juya shi, ya zama gajeriyar hanyar da wuta za ta kwarara ta yi ɓarna.

Ba a barin solenoyid da wuta fiye da ɗan lokaci kaɗan, don yana saurin zafi. Haka kuma gwanayen wayarin kan ƙara rile na biyu, su yi amfani da ƙafarsa ta 87a, wadda ke katsewa da an murɗa makulli, domin kada ƙofa ta buɗe mota na cikin gudu. Idan kuwa batir ya mutu, rimot da rile da solenoyid duk sun tashi aiki, shi ya sa akan ɓoye wata igiyar ƙarfe a ƙarƙashin motar wadda za a ja da hannu.