Yunwa da Ƙoshi Wajen Gwajin Maganin Feshi

Kafin a yarda a sayar da maganin feshi, irin wanda manoman auduga da masara na ƙasar Funtuwa da Malumfashi su ke amfani da shi, sai masana sun gwada dafinsa bisa waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa, dangin jatan lande. Akwai na teku, akwai na tafki. Ɗayansu shi ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu cikin kududdufi, cutar da a ka tabbatar ta ƙare a Nijeriya cikin 2013.

Ga yadda a ke yi. A kan jera kwalaben ruwa, kowace da nata ma'aunin magani, a zuba halittun, bayan sa'a 48 a ƙidaya waɗanda su ka mutu. Ma'aunin da ya kashe rabinsu shi a ke rubutawa.

Amma fa abinci ya kan juya wannan lissafi. Wadda yunwa ta raunana, magani kaɗan ke kā da ita. In kuwa an cika ruwan da gansakuka, watau abincinsu, dafi ya kan manne mata, abin da ya rage cikin ruwa ya ragu, har maganin ya zama kamar ba shi da ƙarfi. Wani lokaci kuma abincin ne ke kai dafin cikin ciki. Saboda haka a ka kafa ƙa'ida: gwajin sa'a 48 ba a ba su kome, na kwana 21 kuwa, wanda a ke duba haihuwarsu, aunawa a ke yi a ba su. Wani iri na teku da a ke gwadawa sa'a 96 tilas a ciyad da shi, gama in sun ji yunwa junansu su ke ci, sai a ɗora wa magani laifin.

Masu yaƙi da kurkunu sun ga haka da idonsu. Maganin Abate da su ke zubawa wata wata ya fi ci cikin ruwa mai tsabta bisa ga tafkin da ya cika da laka da ciyayi.

Watau lissafin kwalba ba ya faɗin abin da magani zai yi cikin kowane tafki, ƙananan kifi kuwa da waɗannan halittu su ke rayuwa. Lalle hakimai su umurci dagatai su hana wanke famfon feshi da zubad da ragowar magani a bakin rafi, da tafkuna, da madatsar Mairuwa, tun ba da rani ba, sa'ad da ruwa ya janye.